Yaushe Ɗan Gasar Foka Ke Ƙara Kuɗin Shiga? Lissafin Da Cin Dare Ɗaya Ke Ɓoyewa

A shekarar 2003 wani akawu ɗan jihar Tennessee ta Amurka mai suna Chris Moneymaker ya zuba kuɗin da ba su kai dala 100 ba a wata ƙaramar gasar karta ta intanet, a dandalin PokerStars. Daga wannan gasar share fage ya samu kujera a babbar gasar duniya ta wasan poker, ko foka kamar yadda bakinmu zai faɗa, wadda ake yi duk shekara a Las Vegas, kuɗin shigarta dala 10,000. Mutum 839 suka zauna a wannan shekarar. Da aka tashi, akawun nan ne ya kwashe dala miliyan biyu da rabi. Shekara uku bayan haka, a 2006, waɗanda suka biya kuɗin shiga gasar sun kai 8,773. Mutane da yawa a cikinsu labarin akawun ne ya jawo su, kowa yana cewa a ransa: in shi ya yi, me zai hana ni?

Tun daga lokacin akwai tambayar da ba ta barin bakin 'yan wannan wasa. Mutum yana shiga gasar dala 5 ko dala 10, yana ɗan samu, to yaushe ya kamata ya koma ta dala 50, ko ta 200, ko ta 1,000? Sun ɗauki abin tamkar tsani, kowane mataki da kuɗinsa da mutanensa.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi inda na tsaya. Foka ta kuɗi caca ce, hukuncin caca kuma a fili yake a aya ta 219 ta Suratul Baƙara da ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida. Masu kare wasan suna cewa akwai gwaninta a ciki, kuma gaskiya ne akwai, amma gwanintar ba ta canza inda kuɗin suke fitowa ba: aljihun wanda aka cinye. Abin da ya sa na ga ya dace a buɗe cikin wannan tambaya shi ne, lissafin da ƙwararrun wasan suke yi da kansu, ba malamai ba, ba masu wa'azi ba, ya fi komai tona yadda abin yake cin mutum. Kuma irin tunanin da ke sa ɗan foka ya haura mataki shi ne dai ke sa yaronmu da ke buga cacar ƙwallo a waya ya tashi daga naira 200 ya koma 5,000 don tikitinsa ya ci sau ɗaya.

Gasar foka ba kamar zaman karta na yau da kullum ba ce, inda mutum zai tashi da abin da ke gabansa duk sanda ya ga dama. A gasa kowa yana biyan kuɗi iri ɗaya, a ba shi kwabban roba iri ɗaya, a yi ta bugawa har mutum ɗaya ya tattara na kowa. Wanda nasa suka ƙare ya fita. A yawancin gasa, kusan 15 cikin 100 na mahalarta ne kawai ke samun wani abu, sauran 85 su tafi hannu rabbana. Cikin waɗanda suka samu ma, akasarinsu abin da ake ba su bai wuce ninki ɗaya da rabi ko biyu na kuɗin shigarsu ba. Kuɗin gaske yana teburin ƙarshe, musamman kujeru uku na sama. Sannan mai gidan wasa yana cire la'adarsa tun kafin a raba kati. A ƙananan gasannin intanet la'adar takan kai wajen 10 cikin 100. A babbar gasar Las Vegas ta 2023, wadda mutum 10,043 suka shiga, daga kowace dala 10,000 dala 9,300 ce ta shiga tukunyar rabo. Ma'ana, ɗan wasan da bai fi kowa ba kuma ba a fi shi ba, faɗuwa yake yi, a hankali, daidai gwargwadon la'adar nan. Kafin mutum ya ce yana cin riba, sai ya fi abokan zamansa iyawa da tazarar da za ta biya mai gida ta kuma bar masa ragowa.

To a nan ne lissafin yake fara ba da tsoro. Mu ɗauki misali, gasa mai mutum 1,000. Ɗan wasa tsaka-tsaki zai zo na ɗaya sau ɗaya cikin gasa 1,000. Mu ƙaddara wani ya ninka shi iyawa, wanda ba ƙaramin abu ba ne, shi zai ci sau ɗaya cikin 500. Wannan gwani, in ya zauna ya buga gasa 500 a jere, yiwuwar bai zo na ɗaya ko sau ɗaya ba ta kai wajen 37 cikin 100. In ya buga 1,000, har yanzu akwai kusan 13 cikin 100 na ya ƙare bai ɗauki kofi ba. Haka nan wanda ke shiga sahun masu samun kuɗi sau 15 cikin 100, yiwuwar ya yi gasa goma a jere bai ga ko sisi ba ta kusa ɗaya cikin biyar. Ashirin a jere kuwa, wajen ɗaya cikin ashirin da biyar, wanda ga mai bugawa kullum abu ne da zai riƙa faruwa da shi a kai a kai.

Juya lissafin ta ɗaya gefen, sai ka ga inda haɗarin yake. Kamar yadda gwani zai iya shafe watanni bai ci ba, haka wanda bai iya komai ba zai iya cin babbar gasa a makonsa na farko. Gasa ɗaya ba ta shaidar kowa. Hamsin ma ba sa yi. Masu nazarin wasan suna maganar dubban gasanni kafin alƙaluman mutum su fara nuna ainihin matsayinsa a manyan gasanni masu cunkoso. Wanda ke zuwa gidan wasa da ƙafarsa, yana buga gasa 50 ko 100 a shekara, zai iya tsufa bai tara adadin da zai gaya masa gaskiya ba.

Na ga wannan da idona lokacin da nake karatu a Ingila. Akwai wani ƙanenmu ɗalibi da muke haya gida ɗaya, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, lissafi yake karanta. Wata rana da asuba na fito alwala na tarar da fitilar kicin a kunne, yana zaune gaban kwamfutarsa, shayin da ya haɗa tun dare ya huce ko kurɓa bai yi ba. Ya juyo mini da allon, hannunsa yana rawa. Ya shiga gasar fam 5, ya zo na biyu, an ba shi abin da ya haura fam dubu.

"Yaya, wallahi na gane wasan nan," in ji shi. "Mutanen da ke ƙananan teburan nan ba su san komai ba. Ɓata lokacina nake yi a wurin."

Na ce masa, "Ƙanena, bar ma zancen halal da haram tukuna, za mu zo kansa. Kai da ke karanta lissafi, gasa nawa ka buga duka-duka?"

Ya duba, ya ce sittin da wani abu. Na tambaye shi, in aka cire ta daren jiya, riba yake ko faɗuwa? Ya yi shiru yana ta jan linzamin kwamfuta sama da ƙasa. Faɗuwa yake. Ya san amsar sarai, ya fi ni sanin cewa gasa sittin sun yi kaɗan a yanke hukunci da su. Amma a makon ya fara shiga gasar fam 50 da ta 100. Kafin wata ya ƙare kuɗin sun koma inda suka fito, sun ja wani ɓangare na kuɗin hayarsa sun tafi da shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba kuɗin ba ne. Bayan nan ya kasa komawa teburin fam 5. Ya ce in ya ci a can ba ya jin komai.

Ƙwararru suna da ƙa'idar da suke cewa tana kare mutum daga irin wannan, wato kula da jari. Jarin nan kuɗi ne da aka ware don wasa kaɗai, ba na haya ba, ba na cefane ba. Abin da aka fi ji a bakinsu shi ne kada mutum ya shiga gasa sai jarinsa ya ninka kuɗin shigarta sau 100 aƙalla, in kuma gasa ce mai dubban mutane, sau 200 ko 300. Mai son zama ɗan gasar dala 100 ke nan yana buƙatar dala 10,000 zuwa 30,000 a ajiye, waɗanda in sun salwanta ba za a kwana da yunwa a gidansa ba. Chris Ferguson, wanda ya ci babbar gasar duniya a 2000, ya taɓa gwada tara dala 10,000 daga babu a dandalin Full Tilt, yana farawa da gasannin da ake shiga kyauta. Dokar da ya kafa wa kansa ita ce ba zai sa fiye da 2 cikin 100 na jarinsa a gasa mai tebura da yawa ba. Ya kai ga adadin, amma sai da ya shafe fiye da shekara, shi da yake zakaran duniya. Ba a nan labarin dandalin ya tsaya ba. A ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan dandalan foka na intanet a ƙasar, daga baya ta bayyana cewa Full Tilt ba shi da kuɗin da zai biya 'yan wasan da suka yi ajiya a wurinsa. Mutanen da suka bi ƙa'idar jari sau da ƙafa sun wayi gari jarin nasu yana hannun wani, wasu sai bayan shekaru suka ga kuɗinsu.

Tushen wannan ƙa'ida ya girmi foka ta intanet. A 1956 wani masanin kimiyya a cibiyar bincike ta Bell Labs, John Kelly, ya fitar da lissafin kason da ya kamata mai rinjaye ya riƙa sakawa daga dukiyarsa. A ce ana jefa kwabo wanda ke faɗowa ta gefenka sau 60 cikin 100, in ka ci a ba ka daidai abin da ka sa. Rinjaye a hannunka yake ƙarara. Lissafin Kelly ya ce ka riƙa sa kashi 20 cikin 100 na abin da kake da shi. In ka zarce ninki biyu na wannan, dukiyarka raguwa za ta riƙa yi a tsawon lokaci, duk da kwabon yana goyon bayanka. In kuwa kana zuba komai a kowace jifa, yiwuwar ka tsallake jifa goma ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. Akwai kuma ɓangaren lissafin da 'yan wasa ba su cika son ambata ba: in ba ka da rinjaye, kason da ya ce ka saka sifili ne. Duk maganar ninki 100 da ninki 300 an gina ta ne a kan cewa mutum ya riga ya tabbata yana cin riba. Ga wanda ke faɗuwa, jari mai yawa jinkirta ƙarewa kawai yake yi. Kuma mun riga mun ga irin wahalar da ke cikin tabbatar da ribar.

Sai abu na gaba, wanda ƙanen nan nawa bai lissafa ba. Matakin sama ba matakin ƙasa ba ne da aka ƙara wa kuɗi. Mutanen ne suke canzawa. A gasar dala 5 akwai wanda ya dawo daga aiki a gajiye, akwai mai buga wasa yana kallon talabijin. A gasar dala 500 ta intanet, kujeru da yawa na waɗanda wannan ce sana'arsu ne, suna da manhajojin da suke bitar hannayensu da su bayan wasa, suna ajiye bayanan yadda kowane abokin karawa yake bugawa. Gaba da gabanta. A ce mutum yana samun ribar 20 cikin 100 a gasar dala 10, wato dala 2 a kowace shiga in an daidaita. Ya haura ta dala 100, inda gwanintarsa ta koma ƙasa da ta teburin kaɗan, yana faɗuwar 5 cikin 100. Yanzu kowace shiga tana cin masa dala 5. Gasa ɗaya a sama tana share ribar biyu da rabi a ƙasa, kuma saboda juyin sa'a yana da faɗi, zai iya yin shekara bai gane cewa faɗuwa yake ba. Zai ce kati ne ba ya zuwa.

Akwai masu cewa ai ba a sanin zurfin ruwa daga bakin gaɓa, dole mutum ya riƙa gwada matakin sama jefi-jefi. Suna da hujja, don wanda bai taɓa zama da waɗanda suka fi shi ba ba zai ga ramukan wasansa ba. Masu hankali a cikinsu sukan ware adadi tun kafin su fara, a ce kuɗin shiga biyar, su yi alkawarin in sun ƙare za su sauko. Wasu kuma ta gasar share fage kaɗai suke hawa, kamar yadda Moneymaker ya yi. A takarda tsarin ba shi da aibu. Inda yake rushewa shi ne wurin saukowar. Mutumin da ya rasa dala 1,000 a sama yana buƙatar gasa 500 ta ƙasa, a ribar dala 2, kafin ya mayar. Zuciya ba ta son wannan lissafi. Abin da take raɗa masa shi ne ci ɗaya a sama ya isa ya fanshe komai. Wannan bin sawun hasara yana cikin alamomin da likitocin ƙwaƙwalwa suke dubawa, kuma tun 2013 littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke amfani da shi ya sa matsalar caca a babi ɗaya da jarabar ƙwaya da giya. Ni a ganina, tambayar da ta fi "yaushe zan hau" nauyi ita ce "zan iya sauka?", kuma ba a samun amsarta sai ranar da aka riga aka faɗi, lokacin da kai ya fi kowane lokaci zafi.

To su waɗanda muke gani a can ƙololuwa fa, masu shiga gasar dala 100,000, ta yaya suka hau? A nan akwai abin da kyamara ba ta nunawa. Da yawansu ba da kuɗinsu kaɗai suke shiga ba. Ɗan wasa yakan sayar da kason kansa: wannan ya sayi 10 cikin 100, wancan 20, in an ci a raba gwargwadon haka. Wasu musayar kaso suke yi da junansu. Wasu kuma suna da ubangida mai biya musu kuɗin shiga gaba ɗaya a raba riba, da sharaɗin duk hasarar da aka yi a baya tana nan a rubuce, sai an cike ta kafin ɗan wasa ya ga ko kwabo. Akwai waɗanda ke shafe shekara suna bugawa a cikin wannan rami. Sannan jerin kuɗin da ake wallafawa cewa wane ya ci miliyan kaza a rayuwarsa ba ya cire kuɗin shiga, ba ya cire kason masu jari, ba ya cire haraji da kuɗin jirgi da otal. Daniel Negreanu, ɗan Kanada, ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan duniya, ya bayyana da kansa cewa a 2017 ya karɓi kyaututtukan da suka kusa dala miliyan 2.8, amma kuɗin shigar da ya biya sun fi haka, shekarar da faɗuwa ya rufe ta. Wanda ya ga adadin farko kawai zai ɗauka mutumin ya yi shekarar arziki.

A 2012 aka fara wata gasa a Las Vegas mai kuɗin shiga dala miliyan ɗaya, Antonio Esfandiari ya ci sama da dala miliyan 18. Da aka sake yin ta a 2014, wani matashi Ba'amurke, Daniel Colman, ya doke Negreanu a zagayen ƙarshe ya ci sama da dala miliyan 15. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne ya ƙi tsayawa hira da 'yan jarida yadda aka saba. Daga baya ya yi bayani a rubuce cewa ba ya son ya zama mai tallata wasan da yawancin masu yin sa asara suke yi. Wannan daga bakin wanda ya kai matakin da babu na sama da shi ke nan, a makon da ya ci.

Wanda duk ya san tarihin wasan, in ana wannan magana sai Stu Ungar ya faɗo masa a rai. Da yawa cikin waɗanda suka zauna da shi suna cewa ba su ga mai kaifinsa a karta ba. Ya ci babbar gasar duniya a 1980, ya sake ci a 1981. Matsalarsa ba ta iyawa ba ce ko kaɗan. Abin da ya ci a teburin karta, inda yake da rinjaye, sai ya kai shi cacar wasanni da ta tseren dawaki, inda ba shi da shi, ga kuma hodar iblis da ta kama shi. Bai san wani abu wai shi ware jari ba, duk abin da ke aljihunsa na wasa ne. A 1997 ya iso Las Vegas ba shi da dala 10,000 ta shiga, sai wani abokinsa ɗan wasa, Billy Baxter, ya biya masa. Ya ci gasar karo na uku, kyautar dala miliyan ɗaya, suka raba biyu da Baxter. Da shekara ta zagayo bai ma iya zama kare kambunsa ba. A watan Nuwamba na 1998 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin masauki mai araha a Las Vegas, yana da shekara 45, kuɗin da aka samu a jikinsa ba su kai dala dubu ɗaya ba.